Tsibiran Pasifik: Kifin da wuta ba ta kashe dafinsa

Can cikin tekun Pasifik akwai tsibiran Tahiti da Nubel Kaledoni, inda ake jin faransanci. Ƙasa ce ta kwakwa da farin rairayi, kifi kuwa shi ne tuwon mutanenta. To amma baƙo ya yi hattara, don ba kowane kifi ake ci ba.

Akwai wani gansakuka ɗan mitsitsi, ido ba ya ganinsa, da ke manne bisa duwatsun murjani. Ƙananan kifaye su ci shi, manya su ci ƙanana, dafin ya yi ta taruwa cikin jikin manyan, musamman hanta da kai. Ba wari, ba ɗaci. A dafa, a soya, a kyafa, yana nan daram. Wanda ya ci, bayan ƴan awowi sai amai da zawo, jiki ya ɗauki ƙaiƙayi. Abin al'ajabi, in ya taɓa ruwan sanyi sai ya ji kamar garwashi! Lokotoro na ce ma cutar sigwatera. Tun 1774 matuƙan jirgin Kyaftin Kuk suka sha jinya bayan cin kifi a Banuwatu, ana zaton ita ce.

Don haka kafin baƙo ya sayi babban kifi, ya tambayi masuntan wurin. Su suka san gaɓar da ta ɓaci.

Akwai kuma sauro mai cizo da rana, mai kawo masassarar dengi. Palu dai babu shi a Tahiti, amma wanda za shi Banuwatu ko tsibiran Salomon ya tafi da sange da maganinsa.