MG ɗin da aka ce ta 1965 ce

Kun san dai yadda abin yake: da zarar mutanenmu na Sabo sun ji kana karanta injiniyanci, to kai ne makanike, kai ne mai gyaran waya, kai ne lauya. Ni a Ibadan nake, kuma wannan karon tsohuwar mota aka ɗora mini.

Motar MGB ce, 'yar ƙaramar nan ta Ingila mai kujera biyu da ake zuge rufinta. A garin Abingdon aka yi ta ƙera su daga 1962 zuwa 1980, sun haura rabin miliyan. Shekara goma sha takwas ana fitar da mota mai kama ɗaya, nan gizo ke saƙa, don masu son irinsu sun fi daraja na farko-farko masu bamba ta ƙarfe mai ƙyalli. Daga ƙarshen 1974 aka koma baƙar bamba ta roba saboda dokokin Amurka, aka ɗan ɗaga motar sama. Cire ta roba a maƙala ta ƙarfe kuwa aiki ne da masu walda da fenti sun iya.

Wani Alhaji da nake taya lissafin shago ranar Asabar shi dillali ya kawo wa ita, ja wur, wai 'yar 1965. Kuɗin da aka yanka zai biya karatun ƙannena biyu har su gama, da canji. Alhaji ya ce, "Ɗana, kai ne ɗan boko, duba mana."

Hujjar dillali ɗaya ce: sitiyari a dama yake, Najeriya kuma ta koma tuƙi a hannun dama a Afrilun 1972, don haka motar ta riga wannan shekarar. Magana ce mai daɗin ji, har Alhaji ya gyaɗa kai. Amma fa Ingila ba ta canja hannu ba, har 1980 suna ƙera masu sitiyarin dama. Babu abin da ya hana a shigo da ita daga baya.

Na ce a buɗe bonet. Akwai ɗan farantin ƙarfe mai lambar jikin mota, kuma haruffan farko ke faɗin zamaninta. GHN3 daga 1962 zuwa 1967, GHN4 zuwa 1969, GHN5 daga nan ya kama. Tamu GHN5 aka rubuta ƙarara. Lambar injin ma da 18V ta fara, irin da bai fito ba sai 1971, alhali na 1965 18GB ne. Injin dai ana iya sauya shi, faranti ma 'yan ƙusoshi ne ke riƙe da shi, shi ya sa ban tsaya nan ba. Na ɗaga murfin bayan kujeru: na da can batir biyu gare su masu bolt shida-shida, wannan gurbin batir ɗaya ne. Ga ta kuma a tsaye da ɗan tsayi kamar na zamanin roba. Abu huɗu duk sun nuna ba 'yar 1965 ba ce, biyun ƙarshe kuwa sun nuna daga ƙarshen 1974 zuwa gaba.

Dillali ya haɗe rai, ya ce yaran yanzu sai intanet. Na ce, "Baba, ba raini ba ne, motar ce ta faɗi shekarunta." A ganina ma ba lallai shi ya shirya abin ba, ƙila haka aka sayar masa.

MG ce ta gaske, wannan ba gardama, kuma tana tashi da bugu ɗaya. Sai dai ko kayan gyara za ka yi oda, shekarar gaskiya za a tambaye ka, don giyar da aka sa tun 1967 daban take da ta farko. Mai son shaidar da ta fi bakina, akwai gidan tarihin motocin Birtaniya a Gaydon, inda aka adana kundin masana'antar. Ka tura lambar jikin motar, ka biya, su aiko maka da takarda mai ranar da aka ƙera ta, launinta na asali, da inda aka fara tura ta. Lambar kawai suke bi, ba sa ganin motar, don haka duba gurbin batir yana wuyanka.