Rufin Ciyawa a Auvers

Ina koyon zane da fentin mai, kuma gidajen ƙauyen Auvers na Faransa nake kwaikwaya, waɗanda Van Gogh ya zana a 1890. Wata biyu da 'yan kwanaki ya yi a garin kafin rasuwarsa, amma ya bar zane sama da 70.

Yadda yake zana inuwa ne ya fi kama min hankali. Shuɗi yake shafawa kusa da ruwan ɗorawa, sai ka ga rana ta sauka a kan rufin ciyawa. Fentin kuwa da kauri yake ɗora shi, har sawun buroshi ya fito ɓaro-ɓaro. Irin wannan kaurin kan yi makonni bai bushe ba, shi ya sa nakan jingine ƙyallen, in koma haɗa koren gonakin alkama.