Kafin Ka Rushe Tsohon Rumbu

Manomin da ya san aikinsa ba ya rushe tsohon rumbu ranar da ya gama yaɓen sabo. Yakan bari sabon ya bushe, ya zuba hatsi, ya duba ko gara ko ɓera sun sami kafa, sa'an nan ya taɓa tsohon. Na taso ina ganin haka a gidanmu, amma ranar da na tashi sauya wa bayanaina ma'ajiya a intanet sai na manta, kuma mantuwar ta raba ni da abin da kuɗi ba ya saye.

A 2016, ina binciken digiri na biyu kan fataucin goro, na naɗi hira da tsofaffi da dama, fayil 212. Cikinsu har da kakata ta wajen uba, wadda ta shafe kusan awa biyu tana ba ni labarin ayarin Gwanja kamar yadda ta ji daga bakin mahaifinta. Na adana hirarrakin wuri biyu: a wani faifan ajiya da ke cikin akwatina, da kuma wajen wani kamfanin ajiya na intanet. Bayan 'yan shekaru kamfanin ya ƙara kuɗi, na samo wani mai rahusa. Na jona faifan, na sa kwafin ya kama da daddare, na kwanta. Cikin dare aka ɗauke wuta, intanet ya katse ya dawo. Da safe na ga manhajar ta nuna an kammala. A makon nan na rufe tsohon asusun, na goge faifan na ba ƙanena da ke buƙatarsa a makaranta.

Sai bayan rasuwar kakata, da 'yan'uwa suka nemi jin muryarta, na buɗe sabuwar ma'ajiyar. Sunan fayil ɗin yana nan daram, amma minti huɗu kawai ya yi ya tsaya. Na bi sauran ɗaya bayan ɗaya, na tarar 31 sun guntule. Na tsinto wasu a tsohon katin rikodata. Hirar kakata ba ta ciki.

Da farko na ɗauka sakacin ɗalibi ne wanda manya ba sa yi. Daga baya na gane ba haka ba ne. A 2019 kamfanin MySpace ya amsa cewa waƙoƙin da mutane suka ɗora daga 2003 zuwa 2015, kimanin miliyan 50, sun salwanta a lokacin da yake sauya manyan kwamfutocin ajiyarsa. Kamfani ne mai injiniyoyi da kuɗi, amma ƙaura ta ci shi kamar yadda ta ci ni. Dalili kuwa a fili yake: lokacin ƙaura ne kwafi biyu suke komawa ɗaya, kuma wannan ɗayan ba a riga an jarraba shi ba.

Yanzu idan zan ƙaura, ba na yarda da alamar da manhaja ta nuna. Ina ƙirga fayilolin wuri biyu, in gwada nauyinsu, in ga sun yi daidai. Sa'an nan in sauko da wasu daga sabon wurin zuwa wata kwamfuta dabam, in buɗe su har ƙarshe, musamman manyan, domin su ne katsewar intanet ta fi guntulewa. Ajiyar da ba ka taɓa ɗebo komai daga cikinta ba, zato kake yi kana da ita. Tsohon asusun kuma ina ci gaba da biyan kuɗinsa wata biyu ko uku. Ba a zubar da ruwan tulu don an ga hadari.

Na kuma koyi bambanta ajiya da daidaitawa. Yawancin manhajojin waya madubi ne: abin da ka goge a wayarka, su ma sukan goge shi a wajensu, sai dai su riƙe shi a kwandon shara na ɗan lokaci. Shi ya sa nake bin ƙa'idar nan ta 3-2-1 da mai ɗaukar hoto Peter Krogh ya yayata: kwafi uku, a kan na'urori iri biyu, ɗaya a wani wuri nesa da gida. Kafin in rufe tsohon asusu kuma sai na tabbatar lambar wayar da sabon yake turo wa saƙon shiga tana hannuna, don layin da ya ɓata yana iya kulle mutum waje da kayansa.

Ga ɗalibin da ke shirin kwashe kundinsa, da ɗan kasuwar da zai sauya wa littafin bashinsa wuri, shawarata ita ce su ƙara kwana kafin su danna gogewa. Kuɗin wata uku da na yi ƙyashin biya bai kai na buhun goro ba. Minti huɗun da suka rage mini na muryar kakata gaisuwa ce kawai da addu'a, kuma daidai inda ta ce bari ta fara labarin, nan fayil ɗin ya yanke.