Wasiƙa daga Ingila: saurayi da tsohon ƙarfe

Kawu,

 

Ka tambaye ni abin da ya fi ɗaure mini kai a halin mutanen nan. Kai da ka tsufa a aikin reluwe a Zariya ka fi kowa cancantar jin amsar.

Maƙwabcina yana da ɗa, bai daɗe da shiga jami'a ba. Ranar Asabar, tun sa'o'insa na barci, shi ya kama hanyar wani ƙauye mai suna Crich a yankin Derbyshire. A can ake adana tsofaffin tiram, ƙananan jiragen nan masu bin layin dogo a tsakiyar titi da wutar lantarki. Sai ya sa kayan kwandasta irin na da, ya wuni yana yankar tikiti, in an tashi ya shiga gareji ya taya goge tagulla da share kujeru. Ko sisi ba a biyansa, kuɗin motar zuwa ma daga aljihunsa yake fita. Burinsa a yarje masa ya koyi tuƙi, don a wurin sai ka yi kwandasta kafin a ba ka gaba.

Shi ya ba ni tarihin. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu biranen ƙasar nan suka yi ta kwashe tiram suna sa bas. Landan ta sallami nata a 1952, Sheffield a 1960, Glasgow a 1962, Blackpool kaɗai ta riƙe. Tun 1948 wasu masu sha'awa suka haɗa fam 10 suka sayi tiram mai lamba 45 na birnin Southampton, alhali ba su da inda za su ajiye shi. Suka kafa ƙungiya a 1955, a 1959 suka sami wani tsohon wurin fasa dutse a Crich, suka shimfiɗa layi da hannunsu. Yau akwai tiram fiye da 60 a wurin, layin ya kai kimanin mil guda, kuma tsohon kwabo ake miƙa wa baƙo ya biya kuɗin hawa da shi. Abin dariya, wasu biranen sun dawo da tiram: Manchester ta sake shimfiɗa layi a 1992, Sheffield a 1994.

Ɗaukar hoto kuwa ta zame wa yaron kamar ciwo. Yakan tsaya kan gada cikin yayyafi yana jiran jirgi ɗaya tak ya wuce, ya rubuta lambar kan jirgin da rana da wuri. Na ce masa wannan ai wahalar banza ce. Sai ya nuna mini wani hoto baƙi da fari, ya ce da irinsa kafintoci ke gane inda fitila take da yadda aka zana lamba a jikin tiram ɗin da ya ruɓe. Wanda ya ɗauka ya daɗe da mutuwa, amma har yau ana aiki da idonsa.

Kada ka ɗauka na mayar da su waliyyai, Kawu. Yaron nan kakarsa tana gidan tsofaffi, kuma ya fi ganin tiram a kan ganinta. Wannan ba zan taɓa sabawa da shi ba. Amma na yarda da abu guda: mutum ya ba da ƙarfinsa ga abin da ba nasa ba, ba na danginsa ba, ba kuma don a san shi ba. Mu ma mun san gayya, sai dai gayyarmu takan tsaya a gonar wanda muka sani. Kayan gwamnati kuwa mun ɗauke shi marar mai shi.

Dubi namu jirgin ƙasa: ya isa Kano tun 1911, shi ya kwashi gyadar da aka tara dala-dala. Ƙaramin layin da ya tashi daga Zariya zuwa Jos an rufe shi a 1957. Yara nawa ne a unguwarmu suka san an taɓa yin sa?

Don haka ina roƙon alfarma. Hotunanka na wurin aiki da ke cikin akwatin ƙarfen nan, a fito da su kafin gara ta riga mu. Ka sa Auta ya ɗauke su da waya, ka zauna ka faɗa masa sunan kowace tasha da aikin kowa, shi kuma ya rubuta. Zan turo kuɗin wanki da firam a ƙarshen wata, in Allah ya yarda.

A gaishe da kowa da kowa.

Ɗanka,
daga Derby