Ɗumi Daga Ƙarƙashin Daɓe A Birnin Seoul

Tafiya mabuɗin ilmi. A Seoul, babban birnin Koriya ta Kudu, inda ruwa kan daskare cikin Janairu, na kwana bisa daɓe mai ɗumi, ba garwashi. Ondol suke kiransa. A da hayaƙin murhu ke ratsa ƙarƙashin daɓen, amma da hayaƙin kwal ya yi ta halaka mutane cikin barci, aka koma bututun ruwan zafi.

Mai masaukina ya nuna mini na'urar da ke miƙa zafin ruwan tukunya ga ruwan daɓe ba tare da sun gauraya ba. Ana auna girmanta da yawan ɗumin da ke sulalewa ta bango da tagogi. In ta gaza, iyali su kwana da ɗari. In ta zarce, an yi asarar kuɗi.