I'izari: Tambayar da Ake Yi Kafin Yanke Hukunci

Abin da shekaru suke koya wa dattijon da ya daɗe yana zama a zauren sulhu da ɗakunan kwamiti shi ne, mutum yakan haƙura da hukuncin da bai yi masa daɗi ba, amma da wuya zuciyarsa ta kwanta idan an yanke shi ba tare da an ji ta bakinsa ba. Malaman fiƙihun Malikiyya sun gane haka tun da daɗewa, shi ya sa suka wajabta i'izari, wato alƙali ya dubi wanda hukunci zai hau kansa ya tambaye shi, a gaban shaidu, ko yana da sauran hujja ko wani suka ga shaidun da aka kawo. Littafin Tuhfatul Hukkam na Ibn Asim, wanda alƙalan Arewa suke dogara da shi har yau, ya keɓe wa mas'alar fasali guda, kuma kotunan ɗaukaka ƙara sun sha rushe hukunci saboda an tsallake wannan tambaya. Sashe na 36 na Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 shi ma ya ba kowa wannan haƙƙi.

Sai dai haƙƙin ya fi salwanta a ofisoshi da makarantu, musamman lokacin da rai ya ɓaci kuma kowa yake ganin laifin a fili yake. A 1983 ɗalibai sun yi tarzoma a Jami'ar Maiduguri, aka yi ƙone-ƙone da ɓarnar dukiya, aka kafa kwamitin bincike ƙarƙashin mataimakin shugaban jami'ar, alhali yana cikin waɗanda ɓarnar ta shafa, daga bisani aka kori ɗalibai da dama. A 1986 Kotun Ƙoli ta soke korar, ba don ta wanke su daga zargi ba, sai don wanda aka cuta bai kamata ya zama alƙali a shari'ar da ta shafe shi ba, kuma laifi irin na ƙone-ƙone hurumin kotu ne.

Dattijo yakan tausaya wa wanda aka yi wa ɓarna, domin shi ma yana da haƙƙi, amma mutumin kirki ma idan yana cikin fushi kunnensa ba ya jin uzuri. Abin da ya fi damun dattijon shi ne ƙaramin ma'aikaci, masinja ko mai gadi, wanda ake miƙa wa takardar tuhuma a ce ya amsa kafin a tashi aiki, ba a nuna masa rahoton da aka rubuta a kansa ba, ba a haɗa shi da mai ƙararsa ba, wani lokaci ma takardar sallama tana cikin fayil tana jiran sa hannu. Ɗaliban Maiduguri sun sami lauyoyin da suka bi musu kadi har Kotun Ƙoli, amma mai gadin ba shi da abin biyan lauya, don haka zaman kwamitin da zai duba lamarinsa shi kaɗai ne shari'ar da zai samu.