Katakon Marsandin Alhaji

Shekarun da suka biyo bayan shimfiɗa kwaltar Tawa zuwa Arlit, wajen 1980, Peugeot 504 da Land Rover ne suka cika garin Tawa. Marsandi kuwa ba ta wuce a ƙirga da yatsu ba. Ɗaya daga ciki kawuna ke tuƙa wa wani Alhaji ɗan kasuwa, ƙirar W123 da Jamusawa suka fito da ita a 1976, ni kuma in an yi hutun lakwal nakan baro Kalfu in zo in zama ɗan wankinta.

Abin da ya kama raina katakon cikinta ne, ruwan zuma mai ratsin baƙi, a gaban giya da gefen rediyo. Zebrano ake ce da itacen, daga dazukan Kamaru da Gabon. Ashe ɗan Afirka ne ya je Turai ya dawo da ƙyalli. Sirara shi ake yi, kaurinsa kamar na farce, a manna, a lulluɓe shi da ruwan ƙyalli mai daskarewa. Wannan lulluɓin ne ranar Adar ba ta ƙauna: zafin Afirilu ya haura digiri 40, katako ya motsa, sama ta tsage.

Kawu ya san haka tun ban san komai ba. Bai taɓa aje motar a fili ba. Gindin bedi ko rumfa, da kwali a gilashin gaba. Lokacin hunturu, da ƙura ta taso daga Azawak, sai ya riƙe hannuna: "Kai ɗan nan, kak ka sa mishi busasshen tsumma, rairai na ka goga." A fara kaɗewa a hankali, sannan tsohon rawani mai laushi da aka ɗan jiƙa, sannan a tsane. Ba Omo, ba fetur. Wasu direbobi na shafa man gyaɗa don ya yi sheƙi. Shi ya hana, don mai ƙura yake kira. Da gaskiyarsa, domin in katakon ya tsage babu kafintan da ke iya mai da shi.

A motocin da ake kawowa yanzu galibi roba ce aka yi wa zanen itace. Tana da juriya, amma ni ba ta shiga raina.

Da Alhaji ya tashi saida motar, wani mutumin Ƙonni ya zo wata Lahadi, ranar kasuwa. Ya buɗe ƙofa, ya shafa katakon, ya tambayi wa ke tuƙa ta. Ya biya yadda aka faɗa, ya kuma nemi ɗaukar kawu aiki. Kawu ya ce ba ya barin Tawa.